Gaisuwar Kangaye: Daga Kalakla Zuwa Umdurman

Wata Asabar cikin watan Fabrairun 2023, ina zaune a ƙofar gida ina duba littattafan yara, sai Kawu ya fito daga ɗakinsa, ya riga ya naɗa rawani ya ɗauki sanda. Ya ce, "Malam, ajiye jan biron nan, yau za ka raka ni gaisuwa." Na ce, "Wa ya rasu, Kawu?" Ya ce, "Sun daɗe da rasuwa, mu ne dai ba mu je ta'aziyya ba." Sai da muka kai bakin titi sannan na gane gidajen sinima yake nufi.

Kawun nan nawa ƙanen mahaifiyata ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin haska fim, abokan sana'arsa na kiransa Usta. Ni kuwa tun ranar da na gama kwalejin horon malamai ya daina kirana da sunana, sai Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. A lokacin tafiyar nan ya ba saba'in da biyar baya, idanunsa sun yi rauni ƙwarai. Ban so fita ba, don ina da aikin aji uku a gabana. Amma yau ina gode wa Allah da ban ƙi ba, domin wata biyu bayan haka yaƙi ya ɓarke, kuma ba mu sake taka waɗannan titunan tare ba.

Hanyar cikin gari

Mun hau bas a kasuwar Laffa, muka miƙa arewa. Duk mutumin Kalakla ya san wannan hanya: Farin Nilu na hagunka, ka wuce Azuzab, ka wuce Shajara, ka wuce Lamab, kana shiga cunkoso har ka isa tsakiyar Khartum. Kawu ya zauna bakin taga ko da yake ba abin da yake gani sai haske da inuwa. Da ƙamshi da ƙara yake gane inda muke.

A hanya ya sake ba ni labarin da na sha ji. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, kamar dubban mutanen da suka biyo hanyar gabas kafin yaƙin Burmi na 1903 da bayansa. Waɗansu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, waɗansu suka shiga noman auduga a Jazira, waɗansu kuma suka gangaro Khartum. Shi a Ishash Fallata ya tashi, unguwar da aka tashe ta a farkon shekarun 1990 aka mai da mutanenta Ingaz. Yana ɗan shekara goma aka ɗora masa farantin gyaɗa da tasali, aka ce ya tafi ƙofar sinima, don can ne kasuwar dare take.

Mai karatu, in dattawa suna hirar sinima za ka ji sunan masu gidajen da na taurari. Ba za ka ji an ambaci mutanenmu ba, alhali kuwa ƙofar kowace sinima a hannunsu take. Mai agashe da tukubarsa, mai shayi, mai gyaɗa, mai ruwan sanyi, mai gadin kekuna, da yawansu da Hausa suke magana in sun juya wa mai saye baya. Shi kansa sunan agashe, wanda duk Sudan ta sani yau, ai kalmarmu ce. Daga wannan ƙofa ne wani tsohon usta Bamisire ya lura da yaron da kullum yake leƙen tagar ɗakin na'ura maimakon kallon bango. Ya kira shi ya ba shi tsintsiya. Daga shara aka kai shi ga naɗe fim, daga naɗe fim aka kai shi ga wuta.

A ƙofar Kolosiyam

Mun sauka muka taka a hankali zuwa titin Kasar, wanda ya miƙe daga fadar shugaban ƙasa zuwa tashar jirgin ƙasa. Nan ne mazaunin Kolosiyam, wadda aka buɗe a 1935. Shekaru da yawa ke nan ba a haska kome a wurin ba. Masu wucewa ko ɗaga kai ba sa yi. Kawu ya tsaya ya dogara da sandarsa, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gidan mutane, har wata mai shayi ta juyo tana dubanmu.

Tarihin abin ya girmi Kolosiyam. A watan Janairun 1912 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya yada zango a gabashin Sudan a kan hanyarsa ta komawa daga Indiya. Aka ɗauki hoton ziyarar, aka nuna shi a fili a Khartum da El Obeid. Daga baya 'yan kasuwa Girkawa suka shiga harkar, suna nuna finafinan da ba su da murya, kafin masu magana su zo. Akwai kuma sinimar Shuɗin Nilu, wadda asalinta ta sojan Ingila ce, daga baya ta zama wurin ɗaliban jami'a da masu jin Turanci. A shekarun 1940 attajiran ƙasa suka haɗa jari suka kafa kamfaninsu, shi ya sa za ka ji Wataniyya a Khartum, Wataniyya a Bahri, Wataniyya a Umdurman, wato ta 'yan ƙasa. Kafin abin ya lalace gidajen sinima a Sudan sun haura hamsin, daga Atbara zuwa Madani, daga Port Sudan zuwa Nyala.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Kano ya ce da ya je can bai ji baƙunta ba. Su ma 'yan Labanan ne suka fara gina musu, aka buɗe Rex a 1937, sannan su Palace da Plaza da El Dorado suka biyo baya. Su ma ba rufi, su ma fim ɗin Indiya ne sarki. Har motar gwamnati mai yawo ƙauye-ƙauye tana nuna hotunan tsafta da noma, wadda su ke kira majigi, mu ma mun yi irinta.

Yaran yau ba su san cewa yawancin sinimominmu ba su da rufi ba. Katanga ce doguwa ta kewaye fili, a ƙarshensa ga wani babban bango da aka shafe da farar ƙasa, shi ne shasha. Saboda haka ba a fara fim sai rana ta faɗi, bayan Magariba. Kana kallo taurari na bisa kanka, jemagu na gilmawa ta cikin haske. Wurin zama kuwa hawa-hawa ne. Can gaba dab da bango akwai bencina, su ake kira sha'ab, wurin talakawa da 'yan makaranta, ƙofarsu ma daban. A tsakiya kujeru. Can baya a ɗan tudu akwai loj, inda ma'aikaci zai zo da iyalinsa. Kuɗin kowa daban, amma in jarumi ya kai wa maci amana naushi, ihu ɗaya ake yi.

Finafinan Masar suna da masoyansu, su Farid Shauƙi da Fatin Hamama da Isma'il Yasin. Na kaboyi da na Bruce Lee su ne na samari. Amma ba abin da ke cika gida kamar na Indiya. Kawu ya ce ba zai iya ƙirga sau nawa ya haska Mother India ba, kuma ba a taɓa tashi daga kallonsa ba tare da ya ji ana jan majina a sha'ab ba. Akwai mutanen da ba su iya karanta fassarar Larabcin da ke ƙasan hoto ba, amma sun haddace waƙoƙin kaf.

Ɗakin wuta

Ni a 1992 na shiga wannan duniya, ina ɗan shekara goma sha uku. An kai ni zama wurin Kawu saboda makarantar da na samu ta fi kusa da ɗakinsa. Sinimar da yake aiki a lokacin ƙarama ce, a kudancin birni. Da farko abinci kawai nake kai masa. Kafin wata uku na zama yaron ɗakin na'ura, ba tare da mahaifina ya sani ba.

Bari in kwatanta muku ɗakin. Ɗan ƙarami ne a saman matakala, da 'yan tagogi kamar na kurkuku suna duban bango. A ciki akwai na'ura biyu, mu makana muke ce musu, kowace ta fi ni tsawo. Dalilin biyun shi ne fim ba a dunƙule yake zuwa ba. Yana zuwa a naɗe a jikin zagayayyun ƙarafa da ake kira bakara, kowace tana ɗauke da wajen mita 600, abin da zai yi minti ashirin. Faɗin fim ɗin milimita 35 ne, kuma hoto 24 ke wucewa ta gaban haske a kowace daƙiƙa, shi ya sa ido ke ganin kamar motsi ne. Muryar kuwa tana jikin wani siririn layi a gefen hoton. Fim ɗin Indiya na awa uku yakan kai bakara takwas ko tara.

To, in bakara ta kusa ƙarewa a makana ta ɗaya, sai wani ɗan ɗigo ya bayyana a kusurwar sama ta dama a jikin bango. Mai kallo ba ya lura da shi. Usta kuwa shi yake jira. Ɗigon farko, ya tada makana ta biyu. Bayan kamar daƙiƙa bakwai ɗigo na biyu ya fito, sai ya rufe wannan ya buɗe waccan a lokaci guda. In ya yi daidai, ba wanda zai san an canja. In ya kuskure, duk unguwa za ta ji sunan uwarsa.

Hasken ba na ƙwan lantarki ba ne. Sanduna biyu ne na wani irin gawayi, ana ce musu faham. A sa musu lantarki, a haɗa bakinsu, a ɗan raba, sai wata farar wuta ta tsaya a tsakaninsu wadda ba a iya dubanta da ido sai ta baƙin gilashi. Madubi a baya yana tattara hasken ya tura shi gaba. Sandunan suna cinyewa a hankali, dole a riƙa lura da tazararsu. In sun yi nisa hoto ya dushe, in fim ya tsaya cak a gaban wutar ko na ɗan lokaci ne, sai ka ga hoton ya kumbura ya narke a jikin bango. A watan Mayu zafin ɗakin nan ba ya faɗuwa. Wannan wuta ce ta ci idanun Kawu.

Aikina uku ne. In mai da fim farkonsa da hannu a kan tebur, ina riƙe gefensa da yatsa biyu don in ji inda ya tsage. In ya tsinke, in yanke wurin, in kankare baki ɗaya, in shafa ruwan liƙi in haɗa. Na uku kuwa, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne keke. A lokacin finafinai sun yi ƙaranci, saboda haka kwafi ɗaya gida biyu ke rabawa a dare ɗaya. Waccan sinima ta riga mu farawa da kamar minti arba'in. Duk bakarar da suka gama sai in ɗaure ta a akwatin gwangwani a bayan keke in sheƙo da ita, in koma in ɗauko ta gaba.

Daren da ba na mantawa shi ne na biyu ga Babbar Salla ta 1993, a farkon watan Yuni. Gida ya cika har bisa katanga. Na ɗauko bakara ta biyar ke nan sai habub ta taso, jan ƙura ta rufe gari, ko fitilar mota ba ka gani. Na faɗa wani rami, sarƙar keke ta tsinke, gwiwata ta fashe, sabuwar rigar Sallata ta yage. Na jingina keken a shagon wani mai wanki, na ɗora akwati a ka, na sa gudu. Tun daga nesa nake jin fito da bugun benci. Na tabbata yau za a karya kujeru, kuma a kori Kawu saboda ni.

Ina isa ƙofa sai na ji fiton ya koma tafi. Ashe da Kawu ya ga bango ya yi fari ba ni ba labarina, sai ya kunna fitilun fili kamar an tafi hutun rabin lokaci, ya mai da bakara ta huɗu baya da sauri, ya sake saka waƙar da ke cikinta. Mutanen da dama kullum roƙo suke a maimaita waƙa, suka ɗauka goron Salla aka ba su. Na hau matakala ina haki. Bai ce mini kome ba, ya karɓi akwatin, ya zare fim ɗin ya ɗaura. Sai da makana ta kama gudu sannan ya dubi gwiwata ya ce, "Fim ɗin dai bai ji ciwo ba ko?" Ta 'yar taga na leƙa, na ga hasken ya ratsa ƙurar nan kamar an shimfiɗa farin ƙyalle a sama, ɗaruruwan mutane sun rufe hanci da rawani, ba wanda ya tashi.

Yagaggiyar rigar nan ita ta tona mini asiri a Kalakla. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne, kuma a wurinsa sinima matattarar 'yan iska ce. Ba zan ce ba shi da hujja ba. A ƙofar sinima akwai 'yan sane, akwai faɗa da wuƙa, akwai yaran da ke satar kuɗin cefane don tikiti. Ya aika aka kira Kawu. Ya ce, "Usta, amana na ba ka, ka kai mini yaro gidan kallo?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Alaramma, wallahi shekara talatin ke nan ban kalli fim ba. Wuta nake gadi. Shi ma abin da nake koya masa ke nan: ya zo kan lokaci, ya sa ido, kada ya bar abin mutane ya ƙone." Baba ya daɗe bai yi magana ba. Daga ƙarshe ya kafa sharaɗi uku: kada salla ta wuce ni, kada in fasa karatun asuba, kuma ranar da na faɗi jarrabawa ranar na bar keke. Ban faɗi ba. Da kuɗin keken nan na sayi littattafaina har na gama sakandare.

Abin da ya kashe fitilun

Mun zauna wurin mai shayin nan, na tambayi Kawu wa ya kashe sinima. Ya ce, "Ba mutum ɗaya ba ne, taron dangi aka yi mata."

Gaskiyarsa. A 1970 gwamnatin Numairi ta karɓe harkar shigo da finafinai da rarraba su ta danƙa wa hukumar gwamnati. Da tattalin arziki ya tabarbare, kuɗin waje ya yi wuya, sai sababbin finafinai suka ragu. Bidiyo ya shigo a shekarun 1980, masu hali suka koma kallo a ɗaki. Bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 aka kafa dokar hana yawon dare, ga shi kuwa sinimar da ba ta da rufi ba ta da wani lokaci sai dare. Gidajen da ke nuni biyu suka koma ɗaya. A farkon shekarun 1990 aka rushe hukumar sinima ɗin ma, tace finafinai ya tsananta, haraji ya yi nauyi, iyalai suka ɗauke ƙafa. Sai aka bar mu da tsofaffin kwafi da suka sha liƙi har labarin ba ya haɗuwa: jarumi na cikin kurkuku, ƙiftawa da bismilla sai ga shi a kan doki. Daga nan tauraron ɗan'adam ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

A 1997 aka rufe tamu. Daren ƙarshe mutum goma sha ɗaya suka sayi tikiti, na ƙirga su ta taga. Mai gidan ya ce a tsallake bakara biyu a tashi da wuri. Kawu ya ƙi, ya ce sun biya kuɗin fim cikakke. Ya haska shi har ƙarshe, ya goge makanun nan biyu da mai, ya lulluɓe su da buhu kamar gobe zai dawo. Ba a ba shi ko sisin sallama ba. Ya dawo Kalakla wurinmu ya kafa tebur a kasuwar Laffa yana gyaran fanka da rediyo.

Ƙetaren kogi

Da azahar muka ƙetare tsohuwar gadar ƙarfe ta Farin Nilu, wadda aka buɗe a 1928, muka shiga Umdurman. A nan Kawu ya fi sakin jiki. Yana tafe yana jero sunaye kamar mai kiran 'ya'yansa: Wataniyya, Arda, Banat, Umbadda, Saura, da tsohuwar da dattawa ke kira Bramble, da sunan Baturen da ya yi mulkin garin. Ya ambaci Fadar Matasa da Yara da Koriya ta Arewa ta gina a shekarun 1970, da Zauren Abota da ƙasar Sin ta gina a Khartum a 1976. Waɗannan biyun masu rufi ne, ya ce shi bai taɓa jin daɗin kallo a cikinsu ba, don ba iska ba taurari.

Kada mai karatu ya zaci kallon na wasu kawai muka iya. A 1970 aka fito da Amal wa Ahlam, dogon fim na farko na 'yan Sudan. Jadallah Jubara, wanda ya koyi aikin kyamara tun zamanin Turawa, ya kafa ɗakin shirya fim nasa na kansa a 1974, ya yi Tajuj, labarin soyayyar nan na gabashin Sudan. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa amma bai daina aiki ba, 'yarsa Sara ta zama idonsa. A 2008 aka rushe ɗakin nasa, a shekarar kuma ya rasu. Husain Sharif ya yi fim a kan kangayen Sawakin a 1975. Ibrahim Shaddad, wanda ya yi karatu a Jamus ta Gabas, ya yi wani gajere a 1981 a kan raƙumin da ke juya matsar man riɗi ido a rufe. Kawu ya ce wannan raƙumin shi ne.

Shaddad ɗin nan da abokansa uku, Sulaiman Muhammad Ibrahim da Manar al-Hilu da Attayyib Mahdi, suna cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Fim ta Sudan a watan Afrilun 1989, wata biyu kafin juyin mulki. Da suka tsufa sai suka ƙudura sake buɗe sinimar Saura ko da na dare ɗaya ne, kyauta. Suka share ƙura, suka tambayi matasan unguwa fim ɗin da suke so, suka yi ta zarya ofis-ofis neman izini, ba su samu ba. Wani matashi, Suhaib Gasmelbari, ya ɗauki wannan fafutika tasu ya yi fim mai suna Talking About Trees, wato hira a kan itatuwa, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Balin a 2019. A wannan shekara kuma fim ɗin Amjad Abu Alala, You Will Die at Twenty, ya ci kyauta a Banis.

A ƙofar Saura muka ƙare yawonmu, la'asar sakaliya. Tana rufe. Na kwatanta wa Kawu abin da nake hangowa, shi kuma ya ɗaga sanda ya nuna inda ɗakin na'ura ya kamata ya kasance, bai kuskure ba. Ya ce, "Malam, bango dai yana nan ko?" Na ce yana nan. Ya ce, "To ai ba ta mutu ba. Buhun farar ƙasa biyu ne da mutum mai haƙuri."

Gwangwanin Kawu

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi. Mu mutanen Kalakla muna maƙwabtaka da barikin tankokin yaƙi na Shajara, saboda haka abin da kunnuwanmu suka ji ba sai na faɗa ba. Bayan wata uku muka kulle gida muka bi ta Madani zuwa Gadarif wurin dangi. Muna cikin wannan hali ne labari ya zo cewa fim ɗin Muhammad Kurdufani, Goodbye Julia, ya ci kyauta a bikin Kan na Faransa a watan Mayu. Fim ne da aka ɗauka a Khartum, amma 'yan Khartum a gidajen sinimar Alƙahira suka yi layin kallonsa, suna 'yan gudun hijira. Kawu ya rasu a Gadarif a 2024, ba ciwon kome sai tsufa da kewar gida.

Bayan da soja suka karɓe Khartum a watan Maris 2025, na jira 'yan watanni na dawo in ga abin da ya rage. An kwashe kome, har fanka da wayoyin bango. A ɗakin Kawu, ƙarƙashin tarkace, na tsinci wani tsohon gwangwanin madara da ɓarayi suka buɗe suka yar. A cikinsa akwai guntayen faham guda shida da 'yan yankakkun fim da ya tara cikin shekara talatin da biyar, irin waɗanda muke yankewa wurin liƙi. Na ɗaga ɗaya a hasken taga, sai ga wata mata da tulu a ka, ba ta canja ba ko kaɗan.

Da muka koma aji na tafi da gwangwanin makaranta. Muka samo kwali da tocila da gilashin ƙara girman rubutu, muka toshe tagogi da tabarma, na haska musu hoton nan a jikin bango. Yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, yaran da kowannensu ya san fim a waya, suka yi tsit, sannan suka fashe da sowa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da gaske ne mutum ɗari biyar suke zama su kalli abu ɗaya, ba wanda ya ji tsoron na kusa da shi?" Na ce da gaske ne, ni shaida ne.

Na san masu gyaran gari suna da abin da ya fi wannan gaggawa: ruwa, wuta, asibiti, makaranta. Ba na jayayya. Roƙona biyu ne kawai. Na farko ga hukuma da masu filaye: in an zo sake gini, a bar mana ko bango ɗaya a tsaye a Khartum, ɗaya a Umdurman, kada duka su zama shaguna. Na biyu gare mu ne, 'yan uwa. A cikin unguwanninmu, daga Kalakla zuwa Mayo da Ingaz, har yanzu akwai tsofaffin da suka yi gadin ƙofa, suka sayar da tikiti, suka gasa agashe a gindin waɗannan katangu. Kowa yana da waya a aljihu. A zauna da su a ɗauki muryarsu tun suna da rai. Ni da nake malami, da biro a hannu kullum, ban ɗauki ta Kawu ba, sai abin da kaina ya riƙe, shi ne na rubuta muku.

Allah ya jiƙan Usta, ya jiƙan iyayenmu da duk waɗanda muka rasa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.